Sauyin Ƙa'idar Jarrabawa: Yadda Makaranta Za Ta Lissafa Abin Da Zai Ci Mata

Duk sanda hukumar jarrabawa ta sauya ƙa'ida, akwai wanda zai biya. A Abuja sanarwa ce a gaban 'yan jarida, a makaranta kuwa kuɗin kwamfuta ne da na dizal da na mota, da sa'o'in darasin da za a yanko daga wani wuri. A 'yan shekarun nan sauye-sauyen sun zo a jere. A 2021 JAMB ta wajabta lambar NIN kafin rajista. A Yulin 2024 ministan ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ce sai mai shekara 18 zai shiga jami'a, shekarar ba ta ƙare ba magajinsa Dakta Tunji Alausa ya mayar da abin 16. A Afrilun 2025 aka umarci WAEC da NECO su koma kwamfuta gaba ɗaya zuwa 2026, a Nuwamba Majalisar Wakilai ta nemi a jinkirta zuwa 2030. Tsakanin nan kuma, a Satumban 2025, sabuwar manhajar karatu ta fito.

Bayanin nan na shugabannin makarantu ne da jami'an jarrabawa da shugabannin ƙungiyar iyaye da malamai. Sauyin da ya fi tsada shi ne komawa kwamfuta, don haka a kansa za a fi daɗewa. Farashin kaya yana canjawa kusan kowane wata, saboda haka adadi da awo ne a nan, kuɗin kuwa sai ku tambayo a kasuwarku ku ɗora.

Takarda kafin kasuwa

Kada ku kashe ko kobo a kan labarin rediyo ko saƙon WhatsApp. Ku je ofishin hukumar na jiharku ku karɓo takardar umarni mai kwanan wata da sa hannu, ku nemi amsar abu huɗu a cikinta. Wane aji sauyin zai fara kamawa? Wane ɓangare na jarrabawar ya shafa, tambayoyin canki-canka kaɗai, ko har da na dogon rubutu da na gwaji? A makarantarku za a zauna ko a wata cibiya? Kuma wace ƙa'ida aka gindaya wa na'urori da ɗaki?

Tambaya ta biyu tana iya ninka lissafi. Lokacin da WAEC ta fara gwada kwamfuta da ɗalibai masu zaman kansu a farkon 2024, canki-canka aka amsa a kan allo, tambayoyin rubutu kuwa a allo ake karanta su, a amsa a takarda. A irin wannan tsari ɗalibi yana riƙe da kwamfuta har ƙarshen takardar rubutu, kuma teburinsa dole ya ɗauki na'ura da littafin amsa tare. Wanda ya sa kafinta ya yi masa ƙananan tebura daidai faɗin kwamfuta, zai sake biyan kafinta.

Yawan zama ne ke faɗa muku yawan kwamfuta

Mu ɗauki makaranta mai ɗalibai 240 a SS3, ta kuma iya samar da kwamfuta 60. Darasin da kowa ke ɗauka, irin su Ingilishi da Lissafi, zai buƙaci zama 4. Kowane zama ba tsawon takardar kaɗai ba ne. Ku ƙara aƙalla minti 40 na fitar da rukuni, tantance na gaba da yatsa, zaunar da su da shigar da lambobinsu. Takardar awa ɗaya ta zama awa 1 da minti 40, zama huɗu awa 6 da minti 40: an fara ƙarfe 8 na safe, an gama kusan 3 na rana. Takardar awa biyu kuwa za ta ci awa 10 da minti 40, wato sai an kai magariba. Ranar Juma'a ku cire lokacin masallaci ku ga abin da ya rage.

Akwai kuma abin da ake yawan mantawa: rukunin da bai shiga ba dole a killace shi, babu waya, babu haɗuwa da waɗanda suka fito. Wannan na nufin ƙarin ajujuwa, ƙarin malamai masu sa ido, ruwan sha, da abinci ga yaron da zai jira daga safe zuwa azahar. Idan hukumar ba ta amince da raba zama ba, to lissafin ya koma kwamfuta ɗaya ga kowane ɗalibi, kuma a nan mafi yawan makarantu sai dai su nemi cibiya.

A kan duk adadin da kuka tsayar ku ƙara kashi 10 cikin 100 na ko-ta-kwana. Ƙa'idar da JAMB ke bi wajen amincewa da cibiya ke nan: kwamfuta 250 masu aiki da 25 a ajiye. Ga mai 60, a sayi 66.

Wuta da zafi

Nan ne kasafin kuɗi ke yawan rushewa, domin ana sayen kwamfuta tukuna, daga baya a tuna da abin da zai kunna ta.

Laftof tana jan wat 45 zuwa 65, kwamfutar tebur da allonta kuwa wajen wat 150. Laftof 60 a kan wat 65 sun ba da 3,900. Ƙara 500 na sabar, wato uwar kwamfutocin da ke raba tambayoyi tana karɓar amsa, tare da suwic-suwic ɗinta, wato akwatunan da ake soka kebul ɗin kwamfutoci a ciki don haɗa su da ita. Fanka 10 na sama, 750. Fitilu, 200. Jimla 5,350. A ƙara kashi 25 cikin 100 don kada inji ya yi aiki a maƙure, an samu wajen 6,700. A raba da 0.8 don a mayar da shi ma'aunin da ake rubutawa a jikin janareta, ya ba da kVA 8.4. Ke nan mai kVA 10 ya isa. Da kwamfutocin tebur ne, su kaɗai za su ja wat 9,000, sai janareta ya kusa ninkawa.

Sai zafi. Jarrabawar JAMB da ta WAEC suna faɗowa tsakanin Afrilu da Yuni, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yola. Ɗaki mai rufin kwano, mutum 60 da na'ura 60 a ciki, fanka kaɗai ba ta wadatarwa: kwamfutoci sukan yi nauyi, tsofaffin cikinsu su kashe kansu a tsakiyar aiki. Na'urar sanyaya ɗaki uku masu ƙarfin doki biyu za su ƙara wajen wat 4,500, lissafin ya koma janareta mai kVA 20. Idan babu halin wannan, a yi silin mai kyau, a buɗe tagogi masu fuskantar juna, a sa raga, a kuma ware ƙaramin ɗaki mai na'urar sanyi ɗaya don sabar kaɗai. Laftof ɗaya ta mutu, ɗalibi ɗaya ne ya tsaya. Sabar ta mutu, ɗakin gaba ɗaya ya tsaya.

Dizal: ku ƙiyasta kusan sulusin lita ga kowane kilowat ɗaya a awa ɗaya. Nauyin kilowat 10 na awa 8 zai sha lita 25 zuwa 28 a rana. Ku ninka da kwanakin jarrabawa, da na gwaji, da na koyarwa a duk shekara. Sauya baƙin mai da matatu bayan kowace awa 250 ta aiki shi ma ya shiga lissafi.

Sabar da suwic su zauna a kan inbata, ba kai tsaye a kan janareta ko wutar NEPA ba, domin 'yan daƙiƙun da ake ɗauka ana sauya layi sun isa su yanke jarrabawa. Batir biyu masu Ah 200 suna riƙe da kimanin kilowat-awa 4.8, amma batirin ruwa rabinsa kawai ake sha idan ana so ya yi ƙarko, don haka za su ɗauki nauyin wat 500 na kusan awa 4. Ya wadatar. Mai son ɗora dukan ɗakin a kan sola yana iya yi, amma wannan lissafi ne na daban, kuma ƙurar hunturu tana rage ƙarfin faifan sola sosai idan ba a goge su.

Laftof na hannu, wato waɗanda aka riga aka yi amfani da su, waɗanda aka fi saye saboda sauƙi, yawanci batirinsu ya gaji. Kafin ku biya, ku cika kowace ɗaya da caji, ku zare waya, ku bar ta tana aiki kuna duba agogo. Wadda ba ta kai awa ɗaya ba, a sauya mata batir ko a rage kuɗin. Ku danna kowane maɓalli, ku gwada ramin da ake soka kebul, domin wasu sirara ba su da shi. Kada a jona wayar rarraba wuta a kan wata wayar rarraba wuta: soket ɗaya mai amfiya 13 iyakarsa wajen wat 3,000, kuma na jabu ba sa kai ko kusa. A kira ma'aikacin lantarki ya ja layi na musamman, ya kafa atin, wato wayar kariya da ke sauke wuta cikin ƙasa.

Kebul

JAMB tana buƙatar a haɗa kwamfutoci da waya, ba ta iska ba, kuma shi ne ya fi aminci ko a gwajin cikin gida. Kebul nau'in Cat6 yana zuwa a kwali mai mita 305, kuma jan guda ɗaya kada ya wuce mita 100. Idan kowace kwamfuta ta ci matsakaicin mita 15, guda 66 sun ci mita 990, kwali 4 ke nan. Suwic uku masu rami 24 sun ba da rami 72, haɗa su da juna ya cinye 4, sabar ta ɗauki 1, saura 67. Ya isa da ƙyar, don haka a sayi na huɗu a ajiye. A bi da kebul ta cikin bututu saboda ɓera, a liƙa lamba ɗaya a bakinsa biyu da jikin tebur. Ranar da kwamfuta mai lamba 37 ta yanke, ba lokacin bin waya da hannu ba ne.

A gina ko a yi haya

Kafin ku yanke hukunci, ku rubuta kuɗin shekara ɗaya na kowane zaɓi gefe da gefe. Na ginawa: farashin kowane kaya a raba da shekarun da zai yi, laftof na hannu kamar 3, sabuwa 5, batirin inbata 2 zuwa 3 a ƙasa mai zafi, sannan a ƙara dizal, albashin mai kula da na'urori, maigadi da ƙarfen taga. Ɗakin da aka buɗe sau ɗaya a shekara ya fi saurin lalacewa, batir ya kumbura, ƙura ta toshe fanka, wasu kayan su yi ƙafa.

Na haya: kuɗin cibiya a kan kowane ɗalibi, mota zuwa da dawowa a kowace ranar jarrabawa, abinci, da alawus na malaman rakiya, mace ga 'yan mata. WAEC ba yini ɗaya ba ce kamar JAMB, ɗalibi yana da darussa takwas ko tara, kowanne da takarda biyu ko uku, a warwatse cikin makonni. Ku ƙirga ranakun, ku ninka kuɗin mota da su. Ku duba hanyar da kanta: idan sai an yi sammako kafin gari ya waye, ko an dawo bayan duhu a yankin da babu tsaro, wannan ba abin da za a saka wa farashi ba ne, dole a nemi masauki kusa da cibiya. Kuma ku tambayi makarantu nawa ne ke sa ran wannan cibiyar. A ce ƙaramar hukuma tana da ɗalibai 2,000 da cibiya ɗaya mai kujera 250, Ingilishi kaɗai zama 8 ne.

Ga ƙananan makarantu, abin da ya fi hankali shi ne uku ko huɗu masu maƙwabtaka su haɗa ɗaki ɗaya, da rubutacciyar yarjejeniya a kan wanda zai sayi mai, wanda zai biya gyara, da ranakun kowa.

Ɗalibin da zai zauna gaban allon

Wannan ne ɓangaren da ya fi araha, ya fi tasiri a sakamako, kuma shi aka fi sakaci da shi. JAMB ma ba dare ɗaya ta koma kwamfuta ba: ta fara a 2013 tana ba da zaɓi tsakanin takarda da kwamfuta, sai a 2015 ta rufe ƙofar takarda. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Iya latsa waya ba iya kwamfuta ba ne. Yaron da ke yini a TikTok yana iya kasa riƙe linzamin kwamfuta. Kurakuran kusan iri ɗaya ne a ko'ina: danna sau biyu har a tsallake tambaya, miƙa amsa kafin a gama, rashin sanin cewa dogon nassi yana ci gaba a ƙasan allo, da mantawa da agogon da ke kusurwa. A JAMB tambaya 180 ce cikin awa 2, wato daƙiƙa 40 ga kowace ɗaya, wanda ya ɓata minti 10 yana kokawa da na'ura ya yi asarar lokacin tambaya 15. A koya musu amfani da maɓallai: A, B, C, D na zaɓin amsa, N na gaba, P na baya, S na miƙawa. Sun fi linzami sauri da aminci.

Da kwamfuta 60, ɗalibai 240 za su samu darasi ɗaya na minti 40 kowane mako idan aka ware fili huɗu a jadawali. A fara daga SS1. Wanda sauyi ya riska a SS3, a ba shi aƙalla zama goma da cikakkiyar jarrabawar gwaji biyu a ƙarƙashin agogo. Kowa da kujerarsa mai lamba. Idan aka haɗa yara uku a kan na'ura ɗaya, mai ƙarfin hali ne ke riƙe ta, masu kunya, galibi 'yan mata da 'yan ƙauye, su ƙare da kallo, kuma su ne suka fi buƙata.

Idan ƙa'ida ta kai ga buga dogon rubutu da madannai, lamarin ya ƙara girma. Insha'in Ingilishi na WAEC kalma 450 ne, kuma minti 50 ake ba da shawarar a kashe masa. Mai buga kalma 10 a minti zai cinye minti 45 a bugawa kawai, bai yi tunani ba, bai duba ba. Sai ɗalibi ya kai wajen kalma 20 a minti kafin a ce jarrabawar tana auna Ingilishinsa ba yatsunsa ba, wannan kuwa aikin zango biyu ko uku ne. Masu ɗaukar Hausa suna buƙatar ƙ da ɗ da ɓ a madannansu, masu Larabci suna buƙatar haruffan da ke tafiya daga dama. Ku rubuta wa hukumar ku tambayi yadda za a yi da su tun da wuri.

Malamai ma sai an horar da su. Manhaja ta kyauta irin Moodle tana aiki a sabar makaranta ba tare da intanet ba, kuma kowane malami zai iya shigar da tambayoyi 20 a mako har rumbu ya taru.

Rajista da darussa

Sunan ɗalibi a rajistar makaranta ya dace harafi da harafi da na NIN, haka ma ranar haihuwa. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya jawo zirga-zirga da kuɗin gyara. A yi wannan binciken a SS1. A gargaɗi 'yan mata su guji lalle a yatsu makonni kafin rajista da jarrabawa, JAMB da kanta ta yi wannan gargaɗi saboda yana hana na'ura karanta yatsa.

Sauyin darussa kuwa asararsa ba ta fitowa a rasit. Sabuwar manhajar 2025 ta rage darussan sana'a zuwa shida, cikinsu da haɗa sola, ɗinki, kiwo da gyaran waya. Kowane sabon darasi yana buƙatar malami, littattafai, kayan gwaji, da makin gwajin aji wanda WAEC ke ba kashi 30 cikin 100. Ɗalibin da ya shekara biyu yana karanta darasin da aka cire, bai kamata a jefa shi cikin wanda bai taɓa gani ba don kawai a cike gurbi. A zaunar da shi da iyayensa, a duba abin da kwas ɗin da yake so ke buƙata, a zaɓi mafi kusa da abin da ya riga ya sani.

Abin da za a kai gaban iyaye

Ku raba lissafin gida uku a shafi ɗaya: abin da za a saya sau ɗaya, abin da za a biya kowace shekara, da abin da za a riƙa tarawa don sauya kayan da suka mutu. A kan jimlar a ƙara kashi 15 cikin 100 saboda tashin farashi. Sannan a raba wa dukan ɗaliban da za su amfana, daga SS1 zuwa SS3, a kan zango-zango. Ɗora komai a kan 'yan SS3 na bana, a daidai lokacin da iyayensu ke fafutukar kuɗin WAEC da NECO da JAMB, zalunci ne, kuma shi ke sa uba mai 'ya'ya da yawa ya zaɓi wanda zai biya wa, 'ya mace kuma ita ce ta fi zama a gida. Makarantar gwamnati ta aika wannan shafin ga ma'aikatar ilimi kafin a rufe kasafin shekara.

Sabon tsari yakan yi tuntuɓe a shekararsa ta farko

Ko manyan hukumomi ba su tsira ba. A 2025 wani gyaran manhaja bai isa wasu sabobin JAMB ba, sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da Kudu maso Gabas ya lalace, shugaban hukumar Farfesa Ishaq Oloyede ya fito ya nemi afuwa, aka sake musu jarrabawa cikin 'yan kwanaki. A shekarar dai WAEC ta shigo da tsarin hautsina jerin tambayoyi don daƙile satar amsa, aka yi kuskure wajen makin canki-canka na Ingilishi. Sakamakon farko ya nuna kashi 38.32 cikin 100 ne suka samu kiredit biyar har da Ingilishi da Lissafi, bayan gyara ya koma 62.96.

Darasin da makaranta za ta ɗauka na aiki ne. A gwajinku na cikin gida, duk sanda aka hautsina tambayoyi, malami ɗaya ya zauna ya amsa kowane nau'i daidai gaba ɗaya kafin ɗalibai su shiga, idan na'ura ba ta ba shi cikakken maki ba, akwai matsala a makullin amsa. Mako biyu kafin jarrabawa a kunna komai lokaci ɗaya na tsawon awa uku da rana tsaka, a kashe janareta da gangan a ga abin da zai faru. A koya wa ɗalibi ya duba cewa suna da lambar da ke takardar tambayarsa nasa ne, kada ya musanya da na kusa da shi.

A ranar jarrabawa kuma a ajiye littafi a ƙofar ɗaki: lambar ɗalibi, lambar kujera, lokacin da na'ura ta tsaya, lokacin da ta dawo, da sa hannun jami'in hukuma. Ku adana sakamakon gwajin kowane ɗalibi. Idan sakamako ya fito ajin da ya saba cin Ingilishi ya zube gaba ɗaya, ku hana iyaye gaggawar biyan kuɗin sake jarrabawa, ku haɗa waɗannan takardu ku kai ƙorafi a rubuce ofishin hukumar na jiha a cikin makon farko, ku karɓi kwafi mai hatimin karɓa.